Me ya sa 5,040, ba 5,000 ba?

Ka ce me ya sa idan aka ba mu aikin bulo dubu biyar nake sa ku buga 5,040. Da ka tambayi abin da rashin arba'in ɗin nan ya taɓa ja mini, da ka fi kusa da gaskiya.

Kai yaro, ɗauki 5,000 ka raba uku. Ba ta rabuwa. Shida, bakwai, tara, duk sai ta bar maka ragowa. Lambobi 20 kacal ke raba ta daidai. Ita kuwa 5,040 lambobi 60 ke shiga cikinta cif, kuma duk lambar da ke ƙasa da ita babu mai wannan yawan. Daga 1 har 10 kowacce tana raba ta, 12 ma haka, 11 ce kawai ta yi mata gardama. Ninka 1 zuwa 7 a jere ka ga inda za ka sauka. Kar ka ciro mini waya! Ku yaran yanzu ko canjin ƙosai sai kun latsa.

Wani ɗan kwangila ne ya koya mini, Allah ya isa tsakanina da shi. Bulo 5,000 mai inci tara ya saya, a kai filaye uku. Na loda yadda ta kama, wani sawu 400, wani 370, leburori suka jibge ko'ina babu layi. Bayan kwana biyu ya dawo da hularsa a karkace, wai bulo 300 babu. Na ce mu je mu ƙirga. Muka tarar magina sun riga sun hau aiki, wasu bulon suna cikin harsashi, wasu an fasa. Da me zan kafa hujja? Ya tara mini mutane, har da mai unguwa, yana ta rantse-rantse. Ni da na shekara ashirin ban taɓa cin ƙwandalar kowa ba, aka ce in yi haƙuri in cika. Na cika, da simintina da kuɗin mota. Har yau in na wuce gidajen nan sai na kau da kai.

Da 5,040 ce, kowane fili 1,680, sawu huɗu huɗu na 420, tsibi 14 na 120. Makaho ma ya shafa ya ƙirga. Siminti ma haka: buhu ya ba ka bulo 36, buhu 140 ke nan, ya ba ka 40, buhu 126, babu rabin buhu da zai kwana ya daskare. Arba'in ɗin nan a kuɗin fashe nake sa wa mai saye ita.

Wani malamin lissafi da na yi wa katanga ya ce mini Aflatun, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, ma ita ya zaɓa a matsayin yawan gidajen da ya dace da gari. To, shi da tunani ya samo, ni da bulo 300.

Kwaɓi da ban ruwa kuwa, in har yanzu sai an gaya maka, koma gida. Tashi ka jera na jiya, 120 kowane tsibi, zan zo in duba.