Samfuri ɗaya na ruwan rafi bai isa ba

Ka tambaya ko samfuri ɗaya ya isa ka ce takin gonaki ne ya ƙara wa rafi nitaret, wato wani sinadari da ake samu a taki da kuma cikin ƙasa. Bai isa ba, malam. Ɗebo da rani, ɗebo bayan ruwan farko, ka sake a tsakiyar damina, kana auna yawan ruwan da ke gudu. A dajin Hubbard Brook na Amurka mako-mako masu bincike ke ɗibar samfurin ruwan rafi tun 1963.

Na sha ganin ruwan farko ya wanko nitaret ɗin da ya taru a ƙasa, adadi ya haura ko ba a zuba taki ba. Ka tace ruwan nan take, ka sa kwalbar cikin kula mai ƙanƙara, domin in ta wuni a rana ƙananan halittun ciki za su sauya maka sakamako.