In biya kuɗin kos ɗin babbar kwamfuta ko in sayi laftof?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake a gefen Maigatari, na gama difloma a fannin kwamfuta. Baba ya sayar da riɗinsa ya ba ni Naira 300,000 yace in nemi abin yi, sai ga talla a Facebook wai a zo a koyi mainframe da COBOL, wai tsofaffin da suka iya duk sun yi ritaya, kana gamawa sai aikin dala. Abokina kuma yace ai wannan kwamfutar ta daɗe da mutuwa. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya saka wa Baba da alheri. Ba ta mutu ba, amma kar ka ba su ko sisi tukuna.

Ita mainframe babbar kwamfuta ce, tsayinta kamar ƙaton firji, aikinta kawai ta riƙa haɗiye lissafin miliyoyin mutane dare da rana ba tsayawa, cire kuɗi da kati, tikitin jirgi, inshora, fansho. Kamfanin IBM na Amurka ya fito da samfurinta mai suna System/360 a 1964, shi kuwa COBOL, yaren da ake rubuta manhajar kwamfuta da shi, tun 1959 yake. An sha cewa ta gama yayi, a 1991 wani ɗan jarida a Amurka har rana ya yanka mata, wai a 1996 za a zare filogin ta ƙarshe, sai ga IBM ta fito da sabuwa mai suna z16 a 2022, ta ƙara da z17 a 2025. Dalili kuwa bankin da ya shekara arba'in yana tara manhajarsa a kanta ba zai tashi rana ɗaya yace ya ƙaura ba, in aka kuskure kuɗin jama'a ne zai rikice, kuma wanda ya rubuta abin ma wataƙila ya rasu. A 2020 lokacin korona gwamnan jihar New Jersey sai da ya fito yana cigiyar masu COBOL saboda tsarin biyan marasa aikin yi ya kasa ɗaukar jama'a.

To amma abokinka ma yana da tasa gaskiyar. NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta kashe tata ta ƙarshe a 2012, Fujitsu ta Japan ta ce a 2030 za ta daina sayarwa, sababbin kamfanoni kuma hayar kwamfuta suke yi ta intanet wajen su Amazon da Microsoft. Masu ita suna riƙe da ita, sababbin masu saye ne suka yi ƙaranci.

Abin da ya fi damuna shi ne ina aikin yake? Yawancinsa Amurka, Turai da Indiya, kuma gogagge suke nema, ba wanda zai damƙa asusun banki a hannun ɗan koyo daga nesa don ya nuna satifiket na wata uku. Bankunanmu na nan galibi manhaja suke saye shiryayya irin su Finacle da Flexcube.

Don haka ka shiga Kano da wanda ya san kaya, ka sayi laftof na hannu mai RAM 8GB (ƙwaƙwalwar aiki) da SSD (ma'ajiya mai sauri), ka zauna a shagon ka cire caja ka ga batirin zai kai awa nawa, tunda ka san zancen wuta a ƙauye. Ragowar ka haɗa ɗan sola da data. Ka dage da koyon SQL (yaren rumbun bayanai) da Linux (tsarin da ke tafiyar da kwamfuta) da Java (yaren rubuta manhaja), waɗannan ko'ina ana nemansu har a kan ita mainframe ɗin. In har yanzu ranka na kanta, IBM na da dandalin koyo kyauta mai suna Z Xplore, GnuCOBOL ma, manhajar da za ka gwada COBOL da ita a laftof ɗinka, kyauta ake sauke ta. Ka gwada wata biyu ka gani ko kanka na ɗauka, sannan ka sake rubuto min, kuma ka nuna wa Baba rasit ɗin duk abin da ka saya.