Yayana zai sa sunana a daraktocin kamfaninsa, ko akwai haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni malamar makaranta ce a Gwale. Yayana yana da kamfanin casar shinkafa a Sharaɗa. Ya ce zai sa ni cikin daraktoci saboda masu ba da rance sun fi son ganin mace a kwamitin gudanarwa. Wai suna ne kawai, ba sai na je taro ba, in turo lambar NIN in sa hannu. Gabana yana faɗuwa. In kamfanin ya ci bashi, zai shafe ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gara da kika tambaya kafin ki sa hannu.

Gaskiya ne ƙofa ta buɗe wa mata. Tun 2012, lokacin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki, bankuna suka amince mata su riƙe kashi 30 cikin 100 na kujerun daraktoci. A 2015 Ibukun Awosika ta zama mace ta farko da ta shugabanci kwamitin daraktocin First Bank. Kujerun aiki ne waɗannan, kuma ina so matan Kano su hau su da yawa.

Amma maganar "suna ne kawai" ita ce take jefa matanmu cikin rigima, kuma masu yaɗa ta su ne ejan-ejan ɗin da suke yi wa mutane rajistar kamfani a shagon kwamfuta, ba su taɓa buɗe dokar ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ba ta san daraktan suna ba. Sashe na 308 ya ɗora wa kowane darakta nauyin kula da kamfani, mai zuwa ofis kullum da wanda taro kawai yake halarta, mizani ɗaya ake auna su da shi. Sashen ya ƙara da cewa rashin zuwa taro ba tare da uzuri ba ba ya sauke wa darakta alhaki. Wato abin da yayanki ya kawo don ya kwantar miki da hankali, shi ne zai zama hujja a kanki. Ranar da abu ya ɓaci, "ban sani ba, yayana ne yake komai" ba za ta fisshe ki gaban alƙali ba.

A ƙa'ida bashin kamfani na kamfani ne. Inda ake kama darakta shi ne takardar lamuni. Banki yakan cusa ta cikin takardun rance, kina sa hannu kin yarda in kamfani ya gaza a biyo ki, har gidanki da albashinki. Sai cekin da ya dawo babu kuɗi, wanda laifi ne mai ɗaurin shekara 2 a dokar 1977, da kuma ci gaba da karɓar bashi da niyyar damfara.

Kar ki yi kara a nan. Ki ce masa, "Yaya, na yarda, amma zan zauna a kujerar da gaske." Ki nemi takardun kafa kamfanin, da rahoton kuɗi na shekara 2 ko 3, da jerin basussuka, da shaidar biyan haraji. Ki duba a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko suna miƙa rahoton shekara. Ki tambaya ko za a ba ki hannun jari, domin darakta daban, mai hannun jari daban, kuma mai hannun jari ne yake da rabo a riba. Kar ki sa hannu a farar takarda ko a shafin ƙarshe shi kaɗai. A taro, in ba ki yarda da wata shawara ba, ki tabbatar an rubuta hakan a bayanan taron.

In ya hana ki ganin takardun, kar ki shiga. In kuma kin shiga daga baya kika so fita, ki rubuta takardar ajiye muƙami, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kamfani yana da kwana 14 ya sanar da CAC, sai ki duba da kanki ko an cire sunanki.