Filin Tambaya da Amsa: A gida ta iya karatu, a gaban kwamfutar JAMB kanta ya kulle

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta rubuta JAMB, jarrabawar shiga jami'a, bara, ta dawo gida tana kuka. Ta ce da ta zauna gaban kwamfuta komai ya ɓace mata, hannu na karkarwa, gabanta na dukan uku-uku. A gida kuwa babu tambayar da take gagarar ta. Bana za ta sake. Me zan yi mata? Daga wata uwa a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, karatun 'yarki bai gudu ba, tsoro ne ya tare masa ƙofa. Idan mutum ya firgita, jiki yana sakin sinadaran adirenalin da kotisol, sai zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, tafin hannu ya jiƙe. Sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe tambaya yayin da ake warware ta kuma ɗan ƙaramin wuri ne. In tunanin "idan na faɗi me Baba zai ce" ya cika shi, lissafi ba ya samun wurin zama.

Saboda haka ƙarin haddar dare ba zai warkar da wannan ba. Sabo take buƙata. Jarrabawar tambaya 180 ce cikin minti 120: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Daga yanzu, sau biyu a mako, ta zauna ta amsa tsofaffin tambayoyi guda 180 cif da agogo a gabanta, ba tashi, ba waya, ba leƙa littafi. Kuma a kan kwamfuta, ko da a shagon intanet na unguwa ne, domin yaranmu da waya suka saba, linzamin kwamfuta kaɗai yana iya rikita su. Ta san maɓallan: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na ci gaba, P na komawa baya. Idan da hali a biya mata jarrabawar gwaji da hukumar JAMB ke shiryawa kafin ta gaske. Kuɗin ba asara ba ne.

Sai numfashi. Ta ja iska ta hanci tana ƙirga huɗu, ta sake ta a hankali ta baki tana ƙirga shida. Sau shida, minti ɗaya ke nan. Fitarwar mai tsawo ita ce ke sassauta bugun zuciya. Kuskuren da ake yi shi ne jan numfashi da ƙarfi da sauri, wanda ke kawo jiri da sagewar yatsu, yaro ya ƙara ruɗewa. Ta riƙa yi bayan kowace salla tun yanzu, don abin da ba a saba ba a gida ba ya zuwa a ɗakin jarrabawa.

Ranar jarrabawar, idan kai ya kulle, ta ɗauke hannu daga kwamfutar, ta dafa ƙafafunta a ƙasa sosai, ta yi minti ɗayan nan. Sannan ta koma darasin da ta fi ƙwarewa ta ci tambaya biyar masu sauƙi, sauran karatun zai biyo baya. Duk wadda ta kai minti ɗaya ba ta warwaru ba, ta zaɓi amsa mafi kusa ta wuce. Ba a rage maki don kuskure, don haka kada ta bar gurbi.

Rabin fargabar ɗaliban Legas a hanya take farawa. Yarinyar da ta kwashe awa biyu cikin danfo a cunkoso, ta iso tana haki, ta riga ta gaji kafin a fara. Ku je ku ga cibiyar kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a daidai lokacin da za ta tafi. Ku buga takardar shiga guda biyu. Kada ta sa lalle a yatsu a makonnin nan, domin yana hana na'urar tantance ɗalibai karanta zanen yatsa, kuma ta riƙe hankici ta goge gumi kafin ta dangwala.

Naki aikin, Hajiya: a daina ambaton kuɗin rajista da makin ɗan maƙwabta. Ki raka ta da addu'ar Annabi Musa, "Rabbishrah li sadri, wa yassir li amri."

Tambaya: Malam, da rana ina aiki a kasuwar Mile 12, da dare nake karatu da goro da kofi. Barci ya ƙaurace mini, kuma wani aboki ya ce akwai ƙwayar da ke kashe tsoro. In sha?

Amsa: Ƙanena, kada ka sha. Tiramadol na iya jawo farfaɗiya, ƙwayoyin sa barci suna dusashe tunawa, masu rage bugun zuciya kuma haɗari ne ga mai asma. Goro da kofin ma suna cikin matsalar: bayan kamar awa biyar, rabin sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikinsu yana nan a jininka, yana ƙara bugun zuciya da karkarwa. Ka tsayar da su daga azahar. Ka nemi barcin awa bakwai zuwa takwas, domin cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka karanta, karatun kuma ka mayar da shi bayan asuba.

Idan faɗuwar gaban tana zuwa ko babu jarrabawa, ƙirji ya ɗaure, ko rashin barcin ya wuce makonni biyu, ka ga likita. Akwai asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Da safiyar jarrabawa ka karya da abin da cikinka ya saba, koko da ƙosai sun isa, ka sha ruwa kaɗan.