Kafin ka ce mashi batir biyu sun isa

Kai yaro, na ga saƙonka tun bayan la'asar, ina saman kwano a Ƙofar Ƙwaya shi ya sa ban amsa ba. Wai wani magidanci ya ce maka fanka uku gare shi da ƙwan fitila da talabijin kawai, kana tambaya ko batir biyu da ƙaramar inbata na sola sun ishe shi ka yanka mashi farashi. Lissafin ai ko ɗan firamare ya yi shi, batir tubula, mai ruwan nan, mai Ah 220 a kan bolt 12 wat-awa 2,640 ke nan a takarda, rabi za ka ci ka bar rabi in kana son batir ya yi tsawon kwana, sauran ka ninka ka raba da kanka, shekararka nawa a shagona da zan zauna ina maka wannan. Abin da ya sa na ɗauki waya kalmar nan ce, "kawai". Wallahi ita ta cinye mani kuɗin da har yau in na tuna sai tuwo ya fita raina.

Ka dai ga yadda kasuwar ta buɗe da idonka. Da can sola ta masu hali ce da asibitoci da rijiyoyin burtsatse, sai mu yi sati biyu muna korar ƙuda a shago. Tinubu na cewa tallafin mai ya tafi ran 29 ga Mayun 2023, litar da ke ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500, janareto ya koma kayan ado a zaure, kowa sai sola. Dala kuma ta wuce 1,500 a farkon 2024, kayan nan duk daga waje suke, fanel da inbata yawanci Sin, su sauka Legas su zo Sabon Garin Kano, farashin safe ba shi ne na yamma ba.

A cikin wannan rububin wani Alhaji ya kira ni gidan shi a sabbin unguwannin nan na bayan gari. Mutum mai fara'a, har fura ya sa aka damo mani. Na ce in shiga in ga kayan wuta, ya ce haba Malam, gida da iyali, ai ba komai ciki, fanka biyar ne da fitilu da talabijin da firji ɗaya kawai. Ni kuma kunya ta kama ni, na tsaya a falo na rubuta abin da bakin shi ya faɗa. Na sa mashi tubula huɗu a kan bolt 48, inbata mai kVA 5, fanel takwas sun kalli kudu tsaf, waya jan ƙarfe zalla ba irin ta ƙaryar nan da ake shafa wa alminiyam jan launi ba. Ya biya kashi biyu cikin uku ya ce ciko ƙarshen wata. Na ce mashi garantin shekara guda, da baki, ba takarda.

Azumin 2024 ya shigo cikin Maris, ga zafi, sai waya cikin dare wai wuta na ɗaukewa kafin sahur. Na je na tarar batir biyu sun kumbura kamar an hura su, ruwan ciki ya ƙafe har farantan sun fito, sauran biyun kuma wani ya ƙara masu ruwan burtsatse. Na duba inbata, an taɓa saitin, an sauke inda take yankewa ƙasa can don ta tatse batir har ƙarshe. Na ce Alhaji wa ya taɓa nan? Ya rantse ba kowa, ni na kawo mashi kayan gwanjo. Ya kai ni gaban mai unguwa, dattawa suka taru ana ta ka yi haƙuri, kai ne mai sana'a, sunanka ya fi kuɗi. Na sayo sabbi biyu da kuɗin aljihuna, kowane ya haura dubu 200 a lokacin, kuma na san haɗa sabo da tsoho kisa ne amma huɗu ba zan iya ba.

Ranar da na je sa su, ina durƙushe a baranda da sifana a hannu, sai ga wata ƴar yarinya ta fito daga cikin gida da kula a kai, murfin ko rufuwa bai yi ba, ƙanƙara ce fal a leda. Bayanta wata, bayanta wani yaro da baro. Na tambayi maigadi, ya yi dariya ya ce ai Hajiya amarya ƙanƙara take yi, firiza biyu manya a ɗakin baya dare da rana, ga sumo ana jan ruwa da magariba bayan rana ta faɗi, ga dutsen guga. Ka san firiza in za ta tashi tana fizgar ninkin abin da take ci sau uku ko fiye, to biyu, a watan azumi, ana ta zuba masu ruwa mai ɗumi. Na miƙe na ce a kira Alhaji, aka ce ya tafi Umara. Cikona har yau, in mun haɗu wurin ɗaurin aure shi ke fara miƙo mani hannu yana injiniya ya aiki.

To ku yaran yanzu ga gaggawa, kun ga bidiyo biyu a TikTok kun sayi sukundireba kowa injiniya, tun duhun nan na Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwanaki ba wuta har mai gyaran fanka ya koma haɗa sola. Ni shekara nawa na yi ina riƙe wa maigidana tsani kafin ya bar ni in murɗa waya ɗaya.

Gobe ka koma gidan magidancin nan naka. Ka ce a yi maka iso ɗaki-ɗaki har kicin da sito da bayan gida, in ya ce iyali, ka ce su shiga ɗaki ɗaya ka wuce, in ya ƙi ka ɗauko jakarka ka taho. Ka leƙa inda aka rufe da zane, ka tambayi yaran gidan mi Hajiya ke saidawa. Duk abin da ka gani ka rubuta, shi ya sa hannu kai ka sa, a rubuta cewa in aka ƙara lodi ko wani ya taɓa saiti garanti ya faɗi, ka sa wa inbata lambar sirri in tana da ita, layin guga da hita ka bar su kan NEPA. Kuɗin kaya duka a hannu kafin ka hau kwano. In yana da hali ka lallaɓa shi ya yi batir litiyam, ta fi tsada amma ba ruwanka da zancen ƙara ruwa.

Kuma ka dawo mani da mitata mai baki da ka ɗauka ran Talata, da safe nake son ta.