Amsoshin Tambayoyinku: Littafin Yaƙi Ko Sojojin Roba, Wanne Zan Fara Saya?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan littattafan tarihin yaƙi, da wasan nan da ake shimfiɗa taswira a kan tebur a sake buga yaƙin da aka yi tuntuni. Na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Ina kallon bidiyon Turawa a YouTube suna wasan yaƙi a tebur da 'yan ƙananan sojoji masu fenti, abin ya shiga raina. Na tara naira dubu 60. In yi odar sojojin roba da littafin ƙa'idojin wasa daga waje, ko in fara da littattafan tarihi? Daga wani ɗalibi, Kawo.

Amsa: Ƙanena, ka dakata da odar nan tukuna. Kuɗin dako daga Ingila sau da yawa yakan kamo kuɗin kayan, ga canjin fam, ga jira. In kwalin ya iso kuma sai ka nemi fenti da buroshi, ka kwashe makonni kana shafe-shafe kafin ka buga wasa ko ɗaya. Kuɗinka za su ƙare a kan rabin runduna, ta yaƙin da ba ka ma karanta ba.

Abin da nake so ka fara yi ba ya cin ko kwabo: ka zaɓi yaƙi ɗaya. Ɗaya tak. Mai tara littattafan yaƙi da bai yi wannan zaɓin ba, za ka tarar da kantarsa cike da ɗaya kan Napoleon, ɗaya kan Hitler, ɗaya kan Rumawa, amma in ka ce ya zana maka filin daga guda, ba zai iya ba. Littattafai uku kan yaƙi ɗaya sun fi talatin a warwatse, don sai ka karanta na biyu za ka ga abin da na farko ya tsallake.

In ka bi tawa, ka ɗauki Tabkin Kwatto, watan Yunin 1804. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifidi da Abzinawa masu taya shi. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, galibinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu kaɗan ƙwarai, amma su suka yi nasara. Wannan yaƙin yana da abin da ba kowane yaƙi na zamaninsa ke da shi ba: waɗanda suka halarta sun rubuta. Muhammadu Bello ya ba da labarinsa a Infaƙul Maisuri, Malam Abdullahi kuma a Tazyinul Waraƙati. Ka haɗa da littafin Joseph Smaldone na 1977, Warfare in the Sokoto Caliphate, wanda ya zauna a kan makamai da tsarin runduna da ganuwa da ribaɗi. Kafin ka biya kuɗin ko ɗaya, ka je laburaren Gidan Arewa da ke Rabah Road a Kaduna, a nan ya kamata ka fara nemansu. Ka karanta babi biyu, in littafin ya riƙe ka, sannan ka saya.

Duk littafin yaƙin da ka ɗauka a shago ko a wurin masu shimfiɗa gwanjo, kada bangonsa ya ruɗe ka. Buɗe tsakiya ka nemi taswira. Akwai ma'aunin nisa a ƙasanta? An nuna kogi da tudu da fadama, ko kuwa kibiyoyi ne kawai a kan farar takarda? Sai ka juya ƙarshe ka duba inda marubucin ya samo bayanansa. In babu wannan, labari yake ba ka, kuma ba za ka iya ɗora labari a kan tebur ba.

Littafin ƙa'idoji ɗaya ya ishe ka. One-Hour Wargames na Neil Thomas, bugun 2014, an tsara shi don tebur mai ƙafa 3 tsawo da faɗi, kowane ɓangare bai wuce rukuni 6 ba, kuma yana ɗauke da tsarin fafatawa 30. Little Wars na H. G. Wells, na 1913, kyauta yake a intanet. Su kuwa 'yan siraran littattafan kamfanin Osprey masu shafi 48 da zanen kayan soja kala-kala, kyawunsu ba a magana, amma amfaninsu ga mai fenti ne. Ka bar su sai gaba.

Sojojinka na farko kwali ne. Yanka shi tsayin yatsa biyu, rubuta "'yan baka", "barade", "'yan lifidi", ka shimfiɗa shuɗin ƙyalle ya zama tabki. Da ka tura kwalin farko tambayoyi za su taso: kibiya tana kai taku nawa? Doki sanye da lifidi zai jure sukuwa nawa cikin zafin rana? Wa ya riga isa bakin ruwa? Su za su mayar da kai ga littafin da sabon ido. Abu ɗaya nake roƙonka. Waɗannan mutane kakannin abokanka ne, ta wannan gefen da wancan, kuma watanni kaɗan bayan Kwatto aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani wajen 200 suka rasu. Ka buga don ka fahimta, ban da gori.

Tambaya: Ɗana mai shekara 14 ya matsa a saya masa wasan yaƙi. Na ga akwai 'yan mutum-mutumi da ƙwayar ludo a ciki, hankalina bai kwanta ba. Ya zan yi? Daga wata uwa, Unguwar Rimi.

Amsa: Hajiya, hukuncin mutum-mutumi da ƙwayar ludo na malamai ne, ki tambayi malamin da kika amince da shi. Abin da zan faɗa miki a ɓangarena shi ne wasan ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu, kuma ba a sa kuɗi a cikinsa.

Asalin abin ma ba da mutum-mutumi aka fara ba. A 1824 wani hafsan sojan Furushiya, ƙasar da daga baya ta jagoranci haɗewar Jamus, mai suna Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wasan horar da hafsoshi. Taswira ce ta gaske, da 'yan gutsattsarin dalma ja da shuɗi a matsayin runduna. Nasa yana da ƙwaya, amma a 1876 wani hafsan, Verdy du Vernois, ya fito da salon da ya ajiye ta gefe, ya bar hukunci a hannun alƙalin wasa mai sanin aiki. Har yau sojoji a ko'ina suna koyon dabara a kan taswira da teburin yashi.

Ki aika wurin kafintan unguwarku ya yanko miki guntayen katako, a shafa wa rabi ja, rabi shuɗi. Yaron ya zauna a falo da taswirarsa, abokinsa a wani ɗakin da tasa, babansa ko yayansa ya zama alƙali. Kowa ya rubuta umarninsa a takarda: "Barade su bi ta gabas, su tsaya a mashigin rafi." Alƙali kaɗai ke ganin duka biyun, shi zai dawo ya ce, "Masu leƙen asirinka sun hango ƙura ta arewa." Yaro zai koyi karanta taswira, da auna nisa, da rubuta magana a fayyace, don umarnin da bai fita sosai ba alƙali zai aiwatar da shi yadda ya fahimta. Kuɗin da kika ware kuma, ki saya masa littafin taswirorin duniya mai kyau.

Tambaya: Kakana ya yi yaƙin Bama. Na sayi littattafai biyu kan Yaƙin Duniya na Biyu, ban ga an ambaci 'yan Najeriya ba. Wanne zan nema? Daga wani magidanci, Kakuri.

Amsa: Malam, Allah ya jiƙan tsoho. Manyan littattafan da suka haɗa yaƙin gaba ɗaya ba su cika ba mutanenmu fiye da layi biyu ba, don haka kafin ka ƙara sayen wani, duba jerin sunaye na ƙarshen littafin ka nemi Kaladan, Arakan ko Myohaung, wuraren da mutanenmu suka yi yaƙi a Bama. In babu, mayar da shi.

Runduna biyu na Afirka ta Yamma suka yi Bama, ta 81 da ta 82. Ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan, inda babu hanyar mota, jiragen sama ke jefo mata abinci da harsashi, masu dako na ɗauka a ka. Birged ɗaya ta bataliyoyin Najeriya ta bi dakarun Chindit, sojojin Ingila na musamman masu kutsawa bayan sahun Japanawa, a 1944. A Janairun 1945 aka karɓe Myohaung daga hannun Japanawa. Sunayen da aka samo daga yaƙin Bama kana wuce su kullum: Barikin Dalet a Kawo, Kalapanzin a nan cikin garin Kaduna, Chindit a Zariya.

Ka nemi War Bush na John Hamilton, 2001, wanda hafsa ne a Runduna ta 81. Sai Another Man's War na Barnaby Phillips, 2014, labarin Isaac Fadoyebo, ɗan Najeriya da ya ji rauni, wasu Musulmin ƙauye suka ɓoye shi watanni. Amma abin da ya fi su daraja yana iya kasancewa a cikin akwatin kakarku: takardar sallamar kakanka mai lambar soja da bataliya, da lambobin yabo. Da sunan bataliyar kaɗai za ka iya bin sawunsa a taswirorin littafi. Ka ɗauki hotonta da waya, kada ka bari a manne ta da roba mai zafi, kuma ka zauna da tsofaffin gidanku ka naɗi abin da suka ji daga bakinsa tun suna nan.

Tambaya: Ina tara littattafan yaƙin basasa. Bugun farko ya cancanci tsadarsa? Kuma gara ta fara taɓa min kanta. Daga wani ɗan fansho, Barnawa.

Amsa: Baba, bugun farko sai in taswirorinsa sun fi na sabon fita. Abin gudu shi ne na jabu, wanda taswirarsa ta zama baƙin dabbare, wani lokacin har da shafukan da suka ɓace. Kuɗin da za ka ƙara kan tsohon bugu, gara ka sayi wanda ya saba wa abin da kake da shi. In kana da My Command na Obasanjo, 1980, ka ajiye The Tragedy of Victory na Alabi-Isama, 2013, kusa da shi, don sun yi aiki a runduna ɗaya ta Marine Commando kuma ba su yarda da juna ba. Ka ƙara da na Alexander Madiebo, 1980, kwamandan sojan Biyafara. Na ɗan jarida John de St. Jorre, 1972, zai taimaka maka wajen auna su.

Maganar gara kuwa, yau ɗin nan za ka fitar da littattafan duka, ka ware waɗanda ta shiga. Ta ƙasa da jikin bango take biyowa, don haka ka janye kantar taƙi ɗaya daga bango, layin ƙasa ya ɗaga daga daɓe, in da hali a ƙera maka ta ƙarfe a Panteka. Ka sa kafur a kowane layi. Da damina kada ka ƙulle littafi a leda, fumfuna zai ci shi. Da hunturu ka riƙa kaɗe ƙura da busasshen ƙyalle. Shafin da ya yage kada ka liƙe shi da salatif, yakan yi ja ya ɓata takarda. Ka kai wa masu ɗinkin littafi, ka gargaɗe su kada su datse gefen taswirar da ke ninke a ciki.