Amsa: Ruwan gwajin da ya yi fari-fari

Ƙanwata, kin ce ruwan gwajinki ya yi fari kamar an ɗiga madara bayan kin haɗa gungun Keggin (wani dunƙule na ƙwayoyin ƙarfen tangistin da oksijin) da sinadari mai doguwar wutsiya. Kada ki zubar, don Allah. Ki tuna sabulu, haka sinadarin nan yake: kai yana son ruwa, wutsiya tana gudunsa. Gungun nan mai ƙwayoyin tangistin 12 yana da cajin nagatib 3, kawunan sinadarin masu cajin fositib suka manne masa, wutsiyoyin suka cure wuri guda suna ɓuya daga ruwa, sai ga 'yan ƙwallaye, su ne suka sa ruwan ya yi fari.

A ɗakin gwajinmu nan Kaduna nakan haska leza ta gefen kwalbar. In layin haske ya fito a cikin ruwan, 'yan ƙwallayen sun haɗu. Ki riƙa ɗiga ruwan sinadarin kaɗan-kaɗan. Gaggawa ce ke sa farin ya kwanta a ƙasa kamar gasara.